Canjin da Malama Rabi Ba Ta Faɗa Ba

Ku 'yan matan yanzu da kuke buga sofbol da riguna masu lamba a baya, na ji abin da kuke faɗa a kan alƙalin wasa. Wai tsayuwa ce kawai a bayan mai cafe ƙwallo, a ɗaga hannu, a yi ihu, a tafi gida. To ku zauna. Na yi wannan tsayuwar shekaru masu yawa a wani fili da ke bayan unguwar Catford a London, kuma har yau akwai dokar da na zartar da bakina, ban gama gane kanta ba.

Sharar gida ce aikin farko da aka koya mini a wannan tsayuwar. Gida shi ne farin faifan robar nan da ke ƙasa, inda mai bugu take tsayawa da sandarta, inda kuma mai gudu za ta dawo ta taka bayan ta zagaye tashoshi uku kafin a ba ƙungiyarta maki. Ana ba ki ɗan burushi wanda bai kai tafin hannu ba. Ki zagayo, ki juya wa mai jifa baya, ki duƙa ki share shi tas har gefunansa su fito. Na ce wa Madam Joyis, wadda ta koya mini aikin, ai ni da tsintsiya na girma, shara ba za ta zama darasi a wurina ba. Ta ce in share dai. Muddin ƙasa ta rufe gida ba a jefa ƙwallo, domin ba mai iya cewa jifa ta bi ta kansa ko ta kauce.

Reno ne ya kawo ni London. Lokacin kuɗin mai ne, mutanenmu suna ta zuwa kwas da karatu da sayayya, jirgi ba ya tashi daga Kano sai a cike. Maigidan da nake yi wa aiki aka turo shi kwas, aka ba su flat, gidan haya a bene, a Catford, suka taho da ni saboda yara. Ran Lahadi nakan kai yaran filin nan su yi guje-guje, ni kuma in zauna a benci ina kallon wasu mata suna jifa da bugu. Ban san wasan ba. Abin da na sani shi ne idan ƙafa ta riga ƙwallo isa wuri, na gani, idan ƙwallo ce ta riga, na gani.

Madam Joyis Ba'amurkiya ce, dattijuwa, mijinta yana aiki da wani kamfanin mai. Sun taɓa zama a Fatakwal, don haka tana jin Turancin buroka. Wata Lahadi abokiyar aikinta ba ta zo ba, ta duba benci ba kowa sai ni. Ta ja ni ta tsayar kusa da tasha ta farko. Ta ce idan mai gudu ta riga, in ware hannuwa in ce sef, wato ta tsira. Idan ƙwallo ta riga, in dunƙule hannu in ce aut. Ranar na juya su, ina ware hannu ina cewa aut, mata suka tsaya suna kallona ba su san ko su zauna ko su ci gaba ba. Duk da haka Lahadi ta gaba ta sake kirana.

Kayan aikin mai tsayawa bayan gida sai da na daɗe kafin ta bari na taɓa su. Akwai marufin fuska na ƙarfe, kamar kejin tsuntsu, wanda sai na sake ɗaurin ɗankwalina kafin ya zauna. Akwai wani matashi mai kauri da ake riƙewa a ƙirji. Idan kika manta kika sauke shi, ƙwallon da suke cewa mai laushi ce za ta nuna miki ba ta da laushi, na kwana da shaidarta a haƙarƙari ba sau ɗaya ba. Sai ɗan abin ƙirga na hannun hagu, mai ƙananan ƙafafu da ake juyawa da yatsa. Ni ban yi boko ba, lambobin da ke jikinsa ba su dame ni ba, ƙararsa nake bi kamar mai jan carbi. Takardar sunaye kuwa, mai rubuta maki ce take karanto mini kafin a fara, in haɗa kowane suna da fuska da irin tafiyar mai shi. Rigunan lokacin ba lamba. Da suna kawai ake sanin mutum.

Mutanen da muke yi wa alƙalanci iri-iri ne. Matan ma'aikatan mai suna zuwa da littafin doka a jaka, su buɗe miki shafi a fuska, ni kuwa in kalli littafin in kalle su. Nas-nas na asibiti su zage ki yanzu, anjima su miƙo miki shayi. Akwai matan wani kamfanin biskit na wajen Old Kent Road, masu faɗa da dariya da sigari. Sai namu. Malama Rabi ce ta haɗa su, 'yar Katsina, ta koyi wasan tun tana kwalejin horar da malamai mata a gida, wajen wasu malamai Amurkawa. Ta tattaro ɗalibai da matan masu kwas da 'yan zangon Ghana, suna bugawa da dogayen wanduna a ƙarƙashin riga. Su ba sa buɗe littafi. Idan na ce aut sai in ji, "Iya Tabawa, ki ji tsoron Allah!" In ce ina jin sa, shi ya sa na ce aut.

Dokar canji ce ta fara ruɗa ni tun ina tsayawa a tasha. Wata rana na ga wata nas ta fita, wata ta shigo ta tsaya a wurinta, ba wanda ya ce uffan. Na san Madam Joyis ta ce duk canji sai kyaftin ta zo da kanta ta faɗa wa alƙaliyar gida, wance ta fita, wance ta shiga. Sai na ɗaga murya na nuna ta. Madam Joyis ta tsayar da wasa, ta zo ta kama ni a damtse ta kai ni gefe.

Ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Na ce, "Na gani."

Ta ce, "Ba ki gani ba."

Na ce, "Madam, ga ta can tsaye."

Ta ce ko a kaina take tsaye, ban gan ta ba sai ɗaya ɓangaren sun kawo ƙara. Daga nan ta jero mini sauran. Idan aka kawo ƙara yarinya tana riƙe da sanda, hukuncin daban. Idan ta riga ta buga, aka kawo ƙara kafin a sake jefa ƙwallo, to ta zama aut, an cire ta daga wasa, masu gudu su koma inda suka fito, makin da suka ci ya goge. Idan an riga an sake jifa, bugun ya zauna. Idan a fili take ta cafe ƙwallo, waɗanda aka cuta su zaɓa, ko su karɓi abin da ya faru ko a sake. Idan kuwa kyaftin ɗinta ta riga masu ƙara zuwa ta faɗa, to ba laifi ko kaɗan, kamar ba a yi ba.

Na ce, "To laifin nan, laifi ne ko ba laifi ba ne?"

Ta ce, "Ya danganta da wanda ya riga magana."

Na ce a garinmu wanda ya ga ɓarna ya yi shiru, da shi ake haɗawa. Ta ce nan ba garinmu ba ne, in koma tashata. Na koma. Amma tun daga ranar nake juya maganar. Abu ɗaya, mutum ɗaya, wuri ɗaya, idan aka faɗa yanzu hukunci ne, idan aka faɗa anjima ba komai. Ni kuma da aka ɗauka saboda ido, an ce in ajiye idon sai an tambaye ni.

Mummunar shekararmu ita ce wadda aka yi fari a Ingila. Ku ba za ku yarda ba, amma ciyawar London ta ƙone ta yi ja, ƙasa ta tsattsage, aka hana ban ruwa. Masu kula da filin suka rufe ɓangare guda, suka ce ba za a buɗe ba sai ciyawa ta farfaɗo, badi ko bayan badi. Fili ya ragu, dole a rage ƙungiya ɗaya. Aka yi shawara cewa wadda ta ƙare a ƙarshe ita za ta rasa ranarta. Ƙungiyoyi biyu ne a ƙasa, ta Malama Rabi da ta matan biskit, kuma su za su haɗu a wasan ƙarshe. Wadda ta sha kashi ba ta da inda za ta buga. Namu kuwa ba su da wani wuri. Yawancinsu wannan Lahadin ce kaɗai suke fita daga flat ba kasuwar Lewisham za su ba, ba asibiti ba.

A wannan wasan Madam Joyis ta miƙo mini marufin fuska, ta ce ni ce a gida, ita za ta tsaya a tasha. Na ce mutanena ne fa. Ta ce shi ya sa.

Malama Rabi tana da 'ya, Safiya, budurwa, ita ce ta fi kowa bugu a cikinsu. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar mijin Malama aka sa mata. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan yake nufi. Uwa ba ta kama sunan 'yar fari, balle kuma ga sunan suruka a kai. Malama Rabi ta yi karatu har ta zo London ƙarin karatu, tana tuƙa mota, amma ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Yarinyar nan, take cewa, ko waccan. Ba ta yaba mata, ba ta tafa mata, idan ta yi bugu mai kyau Malama takan duƙa ta gyara igiyar takalmi. Wannan bai taɓa kawo matsala ba, domin kullum da Safiya ake farawa, sunanta yana cikin waɗanda ake karanto mini.

Ranar bas ta tsaya da ita a cunkoson Old Kent Road. Aka fara ba ita. Ta iso ana dab da gamawa, tana haki, ta zauna a benci.

Zagayen ƙarshe, namu ne ke bugu, matan biskit suna gaba da maki ɗaya. Mutum biyu sun riga sun yi aut, saura ɗaya wasa ya ƙare. Akwai masu gudu biyu a tashoshi. Wadda ya kamata ta buga Laraba ce, ita kuwa ta gurɗe ƙafa tun ɗazu, tana ɗingishi. Ina kallo ta cikin kejin fuskata Laraba ta miƙa wa Safiya sanda. Na kalli Malama Rabi. Ta tashi tsaye kamar za ta taho, ta yi taku biyu, ta tsaya, ta juya ta hau tattara kofunan ruwa.

Safiya ta zo ta tsaya a gabana. Ta ce, "Sannu, Iya." Na jira kaɗan, ko Allah zai sa uwar ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba. Na nuna wa mai jifa ta jefa.

Jifa ta biyu Safiya ta ɗauke ta. Ƙwallo ta wuce kan mai tsaron tsakiya, ta faɗi a busasshiyar ƙasar nan ta yi ta gudu kamar a kan siminti. Ta farko ta shigo gida da gudu. Ta biyu ta zo ta zame da ƙafa, ƙura ta tashi, na ware hannuwa na ce sef. Namu sun wuce gaba da maki ɗaya. Safiya tana tsaye a tasha ta biyu. Guɗa ta tashi a Catford, har wani mai yawo da kare ya tsaya.

Na duba ƙasa, gida ya ɓace. Zamewar nan ta binne shi, ko gefe ɗaya ba a gani.

Yanzu ku da kuke cewa aikin tsayuwa ne, ku gaya mini. Idan aka sake jefa ƙwallo ɗaya tak, bugun Safiya ya zauna, ba mai tayar da shi. Idan na yi kamar ban ga ƙurar ba na ce a jefa, na taimaki namu. Idan na duƙa shara, na ba matan biskit lokacin lura. Amma na ba Malama Rabi ma lokacin zuwa ta faɗa, ta wanke komai. Idan na yi sauri na cuci wasu, idan na yi sanyi na cuci wasu, kuma ban san waɗanne ba. Na ciro burushi na zagayo na duƙa. Na yi sharar yadda nake yin ta kullum, ko dai haka nake zato.

Ina duƙe ina hango bencin matan biskit ta gefen ido. Kyaftin ɗinsu, wata doguwa mai suna Morin, ta cire sigari daga baki tana kallon tasha ta biyu. Ta sunkuya ta yi wa ta kusa da ita magana. Sai kuma na ga takalman Malama Rabi a gabana. Ita ma ta ga Morin.

Ta ce, "Sannu da aiki, Iya Tabawa."

Na miƙe. Na ce, "Yawwa."

"Ya zafin nan?"

"Da godiya."

"Ya yaran gidanku?"

Na ce, "Malama, lafiya lau suke."

Ta gyara mayafinta. Ta ce, "Dama cewa zan yi, Laraba ta fita."

Na ce, "Na ji. Wa ta shiga?"

"Ai kin gan ta."

"Ban ga kowa ba. Wa ta shiga?"

"Yarinyar nan."

Na ce, "Yara sun yi yawa a filin nan, Malama."

Mai jiran bugu a lokacin Memuna ce, 'yar zangon Kumasi, Hausarta ba ta raba mace da namiji, kuma ba ta da birki a baki. Ta matso da sandarta a kafaɗa. Ta ce, "Kai, Iya, wane irin wahala ne wannan? Safiya ne! Duk duniya ya san Safiya ne!"

Na ce, "Ke ce kyaftin?"

"A'a."

"To koma wurinki."

Morin ta taso. Ba sauri take ba, ta tsaya wajen mai rubuta maki ta leƙa, sannan ta nufo mu. Daga tasha ta biyu Safiya ta gane abin da ake ciki. Ta ɗaga murya, rabi Hausa rabi Turanci, yadda yaran da suka daɗe a nan suke yi. "Mama, ki faɗa! Just say it! Sunana ne fa, ba zagi ba ne!"

Malama Rabi ba ta juya ba. Na ga leɓenta ya motsa. Matan benci sun yi tsit, har wadda ke guɗa ta rufe baki da hannu, domin duk sun san abin da ake nema a wurinta, kuma rabinsu da su ne ba za su iya ba. Ni kaina ina da ɗan fari a gida, ya yi furfura yanzu, ban taɓa kiran sunansa ba.

Na sake cewa, "Wa ta shiga?"

Ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "Iya, ki yi aikinki. A bar musu filin."

Morin ta iso. Ta ce da Turancinta, waccan ta tasha ta biyu ba ta cikin waɗanda aka fara da su, kuma ba ta ji an sanar ba. Ta tambaye ni ko an faɗa mini.

Na ɗaga hannu na tsayar da komai, na tafi wajen Madam Joyis. Na zayyana mata yadda aka yi. Ta ce kyaftin ta riga mai ƙara zuwa? Na ce ta riga ta. Ta ce ta faɗi suna? Na ce a'a. Ta ce to na gane wadda take nufi? Na ce ko jaririn Katsina ya gane. A wurinmu abin da ta faɗa ya isa, har ya yi yawa. Madam Joyis ta ce me ya hana ta faɗin sunan 'yarta, ta manta ne? Na buɗe baki in yi mata bayani, na ga Turancina da burokarta ba za su ɗauki wannan kaya ba. Na ce ba ta manta ba. Ta ce littafi bai san wannan ba, kuma gidan nawa ne yau.

Na dawo a hankali. Abin da na iya tsayar da shi a raina ɗaya ne. Idan na karɓi "yarinyar nan" a matsayin suna, to magana ce tsakanina da 'yar ƙasarmu, wadda Morin ba ta da hanyar ji ko ganewa, ita ma kuwa matanta ba su da wani filin. Ko wannan hujja ce mai kyau, ko tsoro ne kada a ce na bi nawa, na sha tambayar kaina, amsar tana canzawa. Na nuna tasha ta biyu, na dunƙule hannu, na ce aut.

Maki biyun suka goge. Aut na uku ke nan, wasa ya ƙare.

Matan biskit suka yi ihu, amma bai yi ƙarfi ba. Morin ta tambaye ni abin da ya faru tsakanin uwa da 'ya, na ce ba aikina ba ne. Memuna ta jefar da sanda ta ce ita Hausawan Najeriya sun ishe ta, a Kumasi da an kira yarinyan nan da sunan kakanta ma. Wata daga benci ta ce mini Allah ya isa, wata ta ce mata ta yi shiru, Iya ba ta da laifi, ta uku ta ce to wa ke da shi. Ƙungiyar ba ta sake haɗuwa ba. Kafin ciyawa ta dawo, masu kwas sun gama sun koma gida.

Safiya ba ta bar tasha ta biyu ba sai da fili ya kusa watsewa. Ta taho kanta a ƙasa, ta wuce uwarta ba ta kalle ta ba, ta zauna a ƙarshen benci tana kwance takalmi. Malama Rabi tana zuba sanduna a buhu, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Ni ina kusa, ina naɗe matashin ƙirji.

Malama ta kira Memuna. Ta ce, "Ki ce wa yarinyar nan ta ɗauko jakar ƙwallaye, mota tana bakin titi."

Memuna ta ce, "Ga shi nan zaune, Malama, yana jin ki."

Malama ta ɗaure bakin buhu, ta ɗora a kafaɗa. Sai da ta juya baya ta fara tafiya sannan ta ce, "Ki kuma ce mata bugun ya yi kyau."